Hancin Mota Waje

Lungunmu ba shi da suna. Idan ka sauka daga Titin Koudoukou kana son shiga kasuwa ta baya, shi ne wanda ke tsakanin mai facin taya da rumfar 'yan canji. Ƙuncinsa ya kai idan mai ƙiba zai shiga sai ya fara tura tumbinsa gaba, shi ya biyo daga baya. Duk da haka babu abin da ba ya bi ta ciki. 'Yan moto masu haya da babur, taksi, masu tura pus-pus, wato amalanken hannu, da buhunan albasa. Wata rana har babbar motar kaya daga Kamaru ta cusa kai ta maƙale, direban ya fito ta taga ya yi azahar da mu, ya yi la'asar, kafin a ciro motar ya kusa yin aure a unguwar.

A tsakiyar lungun gidanmu yake, wanda mahaifinmu ya gina, shagona na zare da maɓalli da zif yana manne da zauren. Bayan rasuwar iyayenmu ni da iyalina muka rage a ciki, sai Yaya a ɗakin ƙofa. Matarsa da 'ya'yansa suna Kamaru tun shekarun tashin hankali, sun ce ba za su dawo ba. Shi ya dawo, shi da motarsa.

Taksi ce rawaya, ta girmi wasu limamai, ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai an lallashe ta. Kullum da yamma Yaya yakan tsaya a bakin titi ya juya ta, ya shigo lungun da baya da baya tun daga wurin mai faci har ƙofar gida, kansa a waje ta taga, yana faɗa da kowa cikin harsuna uku. Baƙo idan ya gani sai ya zaci gwaninta yake nunawa. Mu 'yan unguwar Kilomita Biyar mun san ba haka ba ne. Tun waɗancan shekaru babu mai ajiye mota hancinta yana kallon bango. Hanci waje, tanki kada ya gaza rabi, mabuɗi a aljihu ko wanka za ka shiga. Ba a taɓa yin shelarsa a masallaci ba, kowa dai haka yake yi. A cikin wannan motar Yaya ya fitar da mu ranar da aka ce a fita, mutum kan mutum, kuma da sai ya tsaya juya ta a wannan ƙuncin, ban san yadda za ta ƙare ba. Ba ma yin zancen. Abin da na sani shi ne Yaya ba ya iya zama a gidan nan sai motar tana ƙofa, yana hango tayarta daga kan tabarmarsa.

Sai masu son a rufe lungun suka taso. Yawancinsu matan kasuwa ne masu baza kaya a gefen hanya, da wasu malaman makaranta, da matasa masu riguna iri ɗaya. Shugabarsu wata malama ce 'yar unguwar Miskine, Kirista, mu dai Madam muke ce mata. A wurina take sayen zare, kuma ba ta taɓa yarda cewa baƙin da na ba ta baƙi ne sosai ba. Ita ta fara kawo mini kalmar. Ta ce suna so lungun ya zama piyeto.

Na ce, "Madam, wace ce Piyeto kuma? 'Yar gidan wa? An sa rana?"

Ba ta yi dariya ba. Ta maimaita da Sango, yaren garin nan, lege ti gere, hanyar ƙafa, ba mota ba moto. Ta ce ko na manta da tsohuwar nan mai sayar da gozo, garin rogo, wadda ɗan moto ya kwasa da farantinta, har yau tana kwance da karyayyen ƙugu? Ban manta ba. A gaban shagona aka yi. Na tuna garin ya yi fari a ƙasa har kwana biyu ana takawa, ni kuma na ci gaba da auna zif.

Aka kira taro bayan la'asar a gindin mangwaron bakin lungu. Direbobi gefe guda, mata gefe guda, dattawa a kan benci. Ni aka sa tafinta, don akwai wani Alhaji mai atamfa da ya fi ni jin Sango nesa ba kusa ba, amma a gaban jama'a ba ya jin komai sai an mayar masa da Hausa.

Wani ɗan moto ya fara. "Mama, idan kun rufe, ranar da Koudoukou ya cushe mu ta sama za mu bi?"

Wata mai kifi ta ce, "Bi ta sama mana, ɗan nan. Ai dama a sama kake. Yaushe rabon ƙafarka da ƙasa?"

"Kayan da kuke sayarwa fa, a ka za su zo daga Kamaru?"

"Kai ka kawo su? Kai da ko buhun gishiri aka ɗora maka sai motonka ya yi atishawa!"

Alhaji ya taɓa ni da sandarsa. "Me suka ce?"

Na ce, "Gaisawa suke, Alhaji."

Aka yi ta yi. Wani direba ya rantse kakansa ne ya fara taka lungun da taya tun yana daji. Wata ta ce to kakan nasa ya zo ya ɗauki abinsa. Yaya yana tsaye jingine da mangwaron, sai da hayaniya ta lafa ya buɗe baki.

Ya ce, "Madam, ni ba yanke hanya nake ba. Gidan ubana ne a ciki."

Ta ce, "Papa, akwai wuri a bakin titi, kusa da mai faci. Daga ƙofarka zuwa can, kafin shayi ya huce ka isa."

"Ke ba ki san abin da mota take a ƙofa ba."

Ta dube shi. Muryarta ba ta tashi ba. "Na sani. Ni da ƙafa na bar Miskine, uwata goye a bayana. Motoci suna ta wucewa a cike. Babu wadda ta tsaya."

Babu wanda ya yi motsi. Ni na jira in ji wani abu a ƙirjina, tausayi ko haushi ko kunya, ban ji komai ba, sai ƙaiƙayi a dunduniya. Alhaji ya sake taɓa ni da sanda.

"Me ta ce?"

"Ta ce yamma ta yi, Alhaji."

Ya ce lallai kam, ya miƙe. Haka taron ya watse ba a yanke komai ba. Amma su Madam sun riga sun samo izinin gwaji, aka kuma bi shago shago aka faɗa mana ranar. Kowa ya ji, kowa ya ce to.

Ranar ta zo. Da sassafe matasan suka mirgino durom-durom, suka cika su da yashi, suka jera a bakin lungun, suka gitta katako a kai. Niyyarsu su yi musu fenti su dasa furanni, amma mai kawo fentin ta makara. Saboda haka abin da mutum na farko ya gani da ya fito shi ne durom da katako a gicciye a hanya, da samari tsaye a bayansu.

A wani gari wannan aikin gyaran hanya ne. A nan sunansa bariyer, shingen tare hanya irin na shekarun tashin hankali, kuma mun san abin da ke biyo bayansa.

Ina cikin buɗe shago na ji ƙofar ƙarfe ta farko ta faɗo, wani ya rufe shagonsa. Sai ta biyu. Daga nan ƙarar ta bi lungun ta shiga kasuwa kamar ruwan sama a kan kwano, har can layin 'yan waya. Babu wanda ya yi ihu, abin da baƙo ba zai gane ba ke nan. Mai shayi ya bar butarsa a wuta ya tafi. Mata suka naɗe kaya a zane, suka saɓa yara. Alhaji mai atamfa, wanda yakan ɗauki rabin yini kafin ya tashi daga benci, na gan shi ya wuce wani ɗan moto a guje. Dukanmu an faɗa mana ranar, ni har na yi barkwanci a kai daren jiya, amma ido ya riga tunani isa. Hannuna ya rufe shagon da kansa.

Da na juya, motar Yaya tana kunne. Matata da yara suna ciki, ban ga lokacin da ya zuba su ba. Ya ce, "Auta, shiga." Da furfurata da komai har yau Auta yake ce mini. Na shiga. Ƙofar bayan nan ta buɗe ba gardama. Ya ja, muka tafi, muka isa bakin lungu, ya taka birki hancin motar yana taɓa durom.

Ya tsaya. Hannayensa biyu a kan sitiyari. Bai danna hon ba, bai yi faɗa ba.

Sai ga Madam a guje daga titi, gwangwanin fenti a hannu ɗaya, ɗan itacen fure a ɗayan, tana cewa da Sango ba komai, ba komai, mu ne. Ta tsaya a gaban gilashi tana haki. Ta dubi yaran a baya, ta dubi durom ɗin nata, sai ta ajiye fentin a ƙasa a hankali kamar zai fashe.

Kafin azahar an sake buɗe kasuwa, kowa yana dariyar kowa. Ni na fi kowa. Na ba da labarin gudun Alhaji har sai da ya zama ya tsallake kwalbati biyu da akuya. Bakina yana yi, mutane suna riƙe ciki, ni kuma ina jin muryata kamar daga rediyon maƙwabci. Matata ta koma gida da yara da ƙafa. Yaya yana cikin motar a inda ya tsaya har rana ta take, injin a kashe, sannan ya koma da baya zuwa ƙofa.

Bayan kwana kaɗan Madam ta zo zaurenmu, karo na farko da ta wuce shago. Ta ce sun janye durom, ba za a sake ganinsu ba. Sarƙa za a sa, da kwaɗo, kuma sun yarda a ba Yaya mabuɗi shi kaɗai, ya shiga da yamma ya fita da safe. Ta miƙo masa. A ganina ta yi iyakar ƙoƙarinta, don na san matan kasuwa ba su so ba.

Yaya ya kalli mabuɗin a tafin hannunta, bai karɓa ba.

"Watau in tsaya, in sauka, in nemi bakin kwaɗo, in buɗe, in ja sarƙa, in koma."

"Papa, an zauna lafiya yanzu."

"A lokacin ma sai da aka ce haka."

Na ce, "Yaya, karɓi mana. Ka zama mai gadin Piyeto, har albashi mu nema maka."

Ya ce, "Auta, yi shiru." Ya juya ya ce mata, "Na gode, Madam. Ba laifinki ba ne."

Ta ce, "Ba naka ba ne kai ma." Ta tsaya a shago ta sayi baƙin zare, ba ta ce komai game da launinsa ba.

Sarƙar ba ta daɗe ba. 'Yan moto suka riƙa ɗaga ta suna sunkuyawa, wata rana kuma aka wayi gari babu ita. Sai aka zo aka haƙa ramuka, aka kafa turakun ƙarfe da siminti, tsakaninsu daidai faɗin pus-pus. An sanar tun da wuri cewa duk mai mota a ciki ya fitar. Yaya ya fitar da tasa da safe kamar kullum, ya tafi aiki, da yamma ya dawo ya tarar simintin ya fara bushewa. Ya ajiye ta wurin mai faci, ya tako zuwa gida. Ya zauna a kan tabarma yana kallon ƙofa, ya tashi, ya koma titi, ya dawo. Haka ya yi ta yi har muka yi isha. Bai yi mako ba ya ce ya samu ɗaki a bakin Koudoukou, can wajen fita unguwa, inda ƙofar ke buɗewa kan titi.

Na ce, "Ɗakin da idan ka miƙe ƙafa sai ta shiga kicin ɗin maƙwabci?"

Ya ce, "Shi."

A pus-pus muka kwashe kayansa, tunda mota ba ta shiga. Katifa, akwati, buta, tsohuwar taya da ya ƙi yarwa. Ni ina turawa yana riƙe da katifar kada ta zame. Matan gefen hanya suka janye farantansu muka wuce, suna yi masa sannu, yana amsawa. Madam tana bakin turakun tana shayar da furanni. Ta matsa, ya ce mata barka da aiki.

Gaskiya lungun ya gyaru. Yara suna buga ƙwallo a inda a da ko kaza sai ta yi wasiyya kafin ta tsallaka. Mata sun baza kaya har tsakiya, cinikina ma ya ƙaru, don mai tafiya a ƙasa yakan tuna maɓallinsa ya cire. Idan aka tambaye ni nakan ce abin ya yi kyau, kuma ba ƙarya nake ba.

Ranar Juma'a Yaya yakan zo bayan masallaci. Yakan tsaya a bakin titi ya danna hon, ni in ɗauki kwanon abinci in kai masa, mu ci a cikin motar, ƙofofi a buɗe. Nakan ba shi labarin unguwa in ƙara gishiri, yakan ce Auta ba ka da dama. Sau ɗaya na ce ya shigo ya ga yara, ya ce in turo su.

Ɗakinsa ya daɗe a rufe. Bayan damina matata ta ce kwalayen zare sun cika zaure, har ba a samun wurin shimfiɗa tabarma, ko a mayar da su ɗakin ƙofa? Na ce bari in tambayi Yaya. Na tambaye shi yana wanke hannu ta tagar mota. Ya ce a sa mana, me ake jira. Na koma na gaya mata, muka kwashe kwalayen kafin magariba.