Nutso na Bakwai

Kakata Saratu da hannu take ɗaukar garwashi. Da wannan na fi tuna ta. A ƙauyenmu na bakin kogin Kwara, gaba da Lolo kaɗan, bandar kifi ce sana'arta. Da yamma bayan an ci tuwo, mu jikoki mukan kewaye murhunta muna jiran kawunan kifin da suka gutsure. Idan garwashi ya gangaro waje, sai ta miƙa hannu ta ɗauke shi ta mayar, ba ta ko katse maganarta. Yatsunta gajeru ne, uku na dama a gaɓar farko suka tsaya. An ce mana wuta ce ta cinye su. Mu kuma muna yi wa 'ya'yan masunta burga cewa tsabar addu'a ta sa wuta ba ta kama kakarmu. Ba wanda ya taɓa haɗa maganganun nan biyu ya ga ba su zauna ba.

Gidajen Kirista kaɗan ne a ƙauyen, kuma Kaka ba ta iya karatu ba. Abin da ta ji a coci shi take kawo mana, ta zuba masa gishirinta. Tatsuniyoyi tana da su da yawa, amma akwai labari ɗaya da take maimaitawa har mu gaji. Kafin ta fara sai ta jawo ƙwaryar ruwa kusa, ta tsokane ni: "Maigidana, matso nan. Ko kifin ka aura, ba ni ba?" Daga nan ta gargaɗe mu cewa wannan ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya yi dariya.

Labarin wani sarkin yaƙi ne, jarumi mai dukiya, amma kuturu. Wata baiwa a gidansa ta ce akwai annabin Allah a ƙasar da aka kamo ta da zai iya taimakonsa. Ya ɗora azurfa da zinariya da riguna, ya tafi da dawakai har ƙofar annabin. Annabin ko leƙowa bai yi ba. Saƙo ya aiko: ya je kogin Urdun ya nutsa sau bakwai. Sarkin yaƙi ya fusata. Shi ya zaci za a fito a ɗaga hannu sama a yi masa babban aiki, sai ga shi an tura shi wanka a kogin da bai kai na garinsu kyau ba. Barorinsa suka lallashe shi, suka ce da abu mai wuya aka sa shi ai da ya yi. Sai ya tuɓe kayan yaƙinsa a gaban mutanensa, kowa ya ga abin da yake ɓoyewa, ya shiga ruwa.

A nan Kaka take tsoma hannunta cikin ƙwaryar, mu muna ƙirgawa. Idan an kai shida sai ta fitar da hannun ta ɗaga shi a hasken wuta.

"Shida ke nan. Ku duba da kyau. Mi ya sake?"

Mu ce babu. Sai ta bar hannun a ɗage har wani ya fara motsi. Sauran labarin da sauri take ƙarasa shi: ya nutsa na bakwai, fatarsa ta koma kamar ta jariri, ya kawo dukiyarsa annabin ya ƙi karɓa. Ba ta taɓa mayar da hannun cikin ruwa a karo na bakwai ba. Ni a lokacin ban kula ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutum ya ga azurfa ya ce ba ya so.

Kaka ta rasu ina saurayi. Na fara da dakon kwando a kasuwar Lolo, yau ni nake loda motocin banda zuwa kudu. Ba gado na ci ba, ido da lissafi suka kai ni.

Wata rana ina ciniki a wurin wata mai banda, na dafa wani abu ina duba kifi. Sai na ga matar ta yar da tirenta ta fizge mini hannu. Bakin gangar da take banda a ciki na dafa. Fatar tafina ta manne da ƙarfen, ƙaurinta har hancina, amma zafi ko ɗigo ban ji ba. Na tsaya ina kallon hannun kamar na wani.

A asibiti ma'aikacin ya ga wani farin tabo a damtsena wanda na daɗe ina ɗauka ƙyasbi ne. Ya sa na rufe ido, ya shafa auduga a kai, ban san ya taɓa ni ba. Ya ce kuturta ce, kuma tana warkewa: ƙwaya kullum har shekara guda, in riƙa zuwa duk wata ina karɓa. Na tambayi kuɗin, ya ce kyauta ne. Nan raina ya ɓaci. A sana'ata kifin da ake bayarwa kyauta shi ne wanda ya lalace. Ga bencin jira a fili, duk mai wucewa yana ganinka. Wa zai ci kifin da ya fito daga hannun kuturu? Na sha ƙwayar wata uku, tabon ya dushe, na daina. Na tsallaka iyaka zuwa ƙasar Benin na sayi allurai masu tsada a wurin wani mai magani, hankalina ya kwanta saboda na biya.

Gwaggo Rifkatu, ƙanwar babana, ita ta lura ƙaramin yatsana ya fara lanƙwashewa. Ta kama hannun ta juya shi, ta matsa mini har na faɗa mata komai. Sannan ta ba ni labarin da aka ɓoye mana: Kaka tun tana matashiya take zuwa karɓar ƙwaya a ɗakin shan magani na mishan. Da mutane suka fara gudun kifinta, tabon kuma ya dushe, sai ta bar zuwa.

"Ba wuta ta ci yatsun innarmu ba, ɗana. A na shida ta fito daga ruwa."

Na zauna a ƙasa. Duk shekarun nan hannunta take ɗaga mana, tana cewa mu duba da kyau, mu kuwa muna jiran kan kifi.

Washegari na koma kan bencin. Wani babban mai sayen kayana ya wuce a babur, muka haɗa ido, ban sunkuyar da kai ba. Bai sake zuwa rumfata ba, shi da wasu. Na cika wata goma sha biyu ba fashi. Ƙaramin yatsan bai miƙe ba, amma taran suna nan suna aiki.

Da ina yaro na ɗauka ƙarfin labarin yana cikin kogin ne. Yanzu na gane warkarwa ta Allah ce, kuma ba ya sayar da ita. Abin da aka nema daga sarkin yaƙin kawai ya tuɓe a gaban mutane, ya kuma zauna cikin ruwan lokacin da bai ga komai ya sake ba.

Ni ma ina ba 'ya'yana labarin, da ƙwarya a gabana. Idan mun kai shida nakan ɗaga hannun su ga yatsan, in gaya musu sunan ciwon da sunan kakata. Sannan in mayar da shi cikin ruwan.