Arba'in Iri Biyu

Aminiyata, wadda darni ɗaya ya raba gidana da nata, ta fi rabin rayuwarta tana fama da ciwon zuciya. A jegon autanta ya kama ta. Da aka dawo da ita daga asibitin birni aka faɗi sunan ciwon, mata suka yi ta shigowa suna tambayar wa ya ɓata mata rai, har aka riƙa hararar mijinta a hanya. Ita kuwa dariya take tana haki, ta ce ba wanda ya ɓata mata, tsokar ce da kanta ta gaji.

Tun daga nan ta ajiye taɓarya. Miyarta daban, ba gishiri, ba kanwa. A jingine take barci, don in ta miƙe numfashi sarƙewa yake. Amma ba a haihuwa a ƙauyen nan ba ta je barka ba. Ta bi tsakanin gonaki, ta huta a gindin wannan darbejiya, ta huta a gindin waccan, har ta isa. Kowa jariri yake ɗauka. Ita ƙafar mai jego take kamawa.

Ana nan, jikata ta zo wanka gidana da haihuwar fari. Aka yi mata abin da aka yi mana: ruwan zafi da kunun kanwa. Yarinya ta cika, fuska ta yi ɓul-ɓul, masu barka suna ta cewa jego ya karɓe ta.

Sai ga aminiyata. Ta zauna, numfashinta ya dawo, ta danna babban yatsa a ƙwaurin yarinyar. Ta ɗaga, gurbin yatsan yana nan, ya ƙi tasowa. Ta tambaye ta ko a zaune take kwana. Yarinya ta gyaɗa kai a kunyace.

Aminiyata ta ce wannan ruwa ne, ba ƙiba ba, a nemo mota yanzu. Mata suka ce ina aka taɓa fitar da mai jego kafin arba'in? Ba ta kula su ba, ni ta kalla.

"Yaya, arba'in iri biyu ce. Akwai ta komawa ɗaki, akwai ta sadaka. Wacce za ki yi mata?"

Na ɗauko mayafina.

Aminiyata, da ko rijiya ba ta iya zuwa sai ta huta a hanya, ta shiga bas da mu har birni. A gaban likita kunya ta rufe wa yarinyar baki, sai aminiyata ta zama bakinta: tarin, hakin, kwanan zaune, duk ta faɗa. Aka ba mu gado, aka ce zuciyar ce.

Ranar arba'in jikata tana gida, ta rame, tana shan ƙwayoyinta, an kuma ce shan na daɗewa ne. Aminiyata ta shigo, ta danna ƙwaurin, ta ɗaga. Ba gurbi. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta miƙo hannu.

"To, yanzu a ba ni angon nawa in gan shi."