Dalhatu Mazanya da Mota Mai Sabuwar Fuska

A tashar Magama, inda motocin Maraɗi ke lodi ɗan nesa kaɗan da shingen kwastan, in ka tambayi Dalhatu za a ce maka wanne, don suna da yawa. In ka ce Dalhatu Mazanya, sai a nuna maka wani gajeren dattijo mai furfura a gemu, zaune kan benci yana ɓare gyaɗa yana jiran layi ya zo kansa.

A Mazanya aka haife shi, gidan manoma. Noma bai kama zuciyarsa ba, sai ya shigo Jibiya da ƙuruciyarsa ya zama karen mota, daga nan ya koyi tuƙi. Ya yi wa mutane tuƙi shekaru masu yawa kafin Allah ya ba shi tasa. Hanyarsa ɗaya ce: Magama, Ɗan Isa, Maraɗi, ya juyo. Jami'an duwan, wato kwastan, da jandarmomin wancan gefe na Nijar sun san fuskarsa, wasunsu ma tun suna sababbin ɗauka. Ba shi da gudu. Matasan direbobi kan yi masa tsiya, su ce ko akuya ta tsaya a kwalta sai Dalhatu ya gaishe ta ya tambayi mutanen gida kafin ya wuce. Amma saboda wannan halin ne mata 'yan kasuwa da tsofaffi masu zuwa ziyarar dangi ke barin mota ta cika ta tashi, su zauna jiran tasa.

Motarsa irin mai kujera bakwai ce, wadda direbobi ke kira Mujiya saboda manyan fitilunta masu zagaye. Ta sha wuya a hannunsa, ba da son ransa ba. Lokutan da aka rufe boda, aiki ya tsaya, sai ya koma jigilar ƙauyuka ranakun kasuwa, Riko da Farfaru, ana labta mata buhunan gero har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Da aka buɗe ta koma hanyar Maraɗi, amma ta riga ta gaji. Wata rana da damina, an wuce Ɗan Isa kaɗan, inji ya buga. Hussaini bakanike, abokinsa tun suna samari, ya buɗe ya duba ya rufe.

"Dalhatu, wagga ta gama aikinta. Ka bar ta ta huta."

Ya sayar da ita ga masu ɓalle motoci su sayar da kayan. Ya je Mazanya ya kaɗa bijiman da ƙanensa ke yi masa kiwo zuwa kasuwa. Abin da ya haɗa zai sayi wata Mujiyar 'yar Beljiyam, har a sami saura.

Dillalin da ya nufa sunansa Mudathir, yana da fili bayan gidan mai inda yake jera motocin da ake kawo masa. Mujiya na nan, ruwan toka, mai tsabta, tayoyinta da sauran rai. Dalhatu ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ja sandar duba mai ya shafa a yatsa. Ya gamsu. Har ya buɗe baki zai fara ciniki sai Mudathir ya ce, "Baba, kafin ka yi magana zo ka ga ƙanwarta."

Ya yaye tamfol daga kan wata motar da ke gefe. Baƙa ce wuluk. Tsawonta da faɗinta duk na Mujiya ne, amma gabanta daban: fitilun sirara ne, sun ja baya kamar girar da aka gyara, bamba ta sauko ƙasa, ga wani ƙarfe mai ƙyalli a hanci. A ciki akwai ɗan allo a gaban direba, kujerun kuma fata ne.

"Mai Gira ke nan," in ji Mudathir. "Kamfani ɗaya, inji ɗaya. Fuska suka sake mata, suka ƙara 'yan abubuwa. Kunna fitila ka gani, Baba."

Dalhatu ya kunna. Da rana tsaka ne, amma hasken ya fito fari tas a jikin bangon gidan mai, ba ja-ja irin na Mujiya ba. Ya daɗe yana kallon bangon. Da ya tambayi kuɗi, ya gane in yana son wannan sai ya haɗa da 'yar gonar da ya gada a Mazanya. Ya ce zai yi shawara.

Shawara kuwa ta zo masa ta kowane gefe. Shafi'u, ɗansa na biyu, mai shagon waya a Katsina, har gida ya zo saboda maganar.

"Baba, zamani ya sake. Yanzu mutane da ido suke shiga mota. In ka sayi Mai Gira ba sai ka zauna jiran layi ba. Masu biki za su ɗauke ka shata, alhazai za su kira ka kai iyalinsu Maraɗi. Gonar nan fa ba kai ke noma ta ba."

"Ba ni ke noma ta ba, amma daga cikinta ake aiko da geron da ka ci ka girma."

"Ai motar za ta sayi geron."

Hussaini kuwa da ya je ya duba motocin biyu, dariya ya yi. "Mujiya ce ta yi kwalliya. Duba inji, duba giya, duk abu guda. Amma ka ga fitilar nan? Ran da dutse ya fasa ta, babu ita a Jibiya, babu ita a Katsina, sai an aika Kano. Ta Mujiya kuwa ko a kasuwar Maraɗi ka tsaya za ka samu. Bambar nan kuma, ka shiga da ita hanyar Farfaru sau ɗaya, a buhu za ka kwaso ta."

Duk abin da Hussaini ya faɗa Dalhatu ya san shi tun kafin a faɗa. Kujerar fata ba ta dame shi ba, allon ma bai san abin da zai yi da shi ba. Shatar biki ba ta cikin burinsa. Mutum ne da ya fi son hirar tsofaffin fasinjojinsa a kan guɗar 'yan kai amarya. Amma ya kasa cewa a'a. Kullum sai ƙafarsa ta kai shi filin Mudathir, ya tsaya gaban baƙar motar, hannu a baya. Abokan tasha suka fara cewa tsoho ya faɗa soyayya.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun bara yake jin almuru na yi masa nauyi. Da rana lafiya lau. Amma da rana ta sunkuya, sai hanya ta zama kamar an watsa mata ruwan koko, fitilar motar da ke tahowa kuma ta tarwatse a idonsa. Ya ɗora laifin a kan fitilun tsohuwar Mujiya, ya sake ƙwai, ya wanke gilashi da omo. A shekarun nan ba direban da ke son duhu ya same shi a hanya, amma jinkirin shinge ba ya shawara da kowa, wani lokaci sai an kira magariba yake shigowa Magama. Shi ya sa farin hasken nan da ya gani a bango ya tsaya masa a rai.

Wata rana ya ce wa Mudathir yana son gwada Mai Gira, amma da yamma lis. Mudathir ya ba shi makulli ya shiga gefensa. Suka hau kwalta suka nufi cikin Jibiya, rana ta faɗi, sauran ɗan ja a sama. Motar tana tafiya sumul. Dalhatu ya kunna fitila, hanya ta buɗe fara a gabansa, har ya ji wani sanyi a ƙirji. Ya ce a ransa, to, gona ta tafi.

Sai wata babbar mota ta taho daga gaba. Haskenta ya fashe a idonsa kamar yadda ya saba, komai ya zama fari fat. Ya rage gudu yana lalube.

"Baba, amalanke! Amalanke!"

Ya taka birki da ƙarfi. Motar ta tsaya cak, hancinta dab da bayan amalanken shanu da aka ɗora wa kara. Mai amalanken ya waiwayo ya ɗaga hannu yana faɗa, ya ja shanunsa gefe. Ba abin da ya taɓu.

"Ba ka gan shi ba, Baba? Tun daga nesa nake hangen shi."

Dalhatu ya sake kama sitiyari. Ya juya motar a hankali ya mayar da ita fili, ya miƙa makulli, ya ce birkinta na da kyau.

Da safe matarsa Sa'adiyya ta kawo masa koko da ƙosai. Mace ce mai ƙarancin magana, tana saƙar huluna a tsakar gida, kuma tun da aka fara zancen motocin ba ta sa baki ba. Ya ba ta labarin amalanken, yana ƙoƙarin mai da shi abin dariya. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, in faɗi?"

"Faɗi mana."

"Ba fitilar mota ba ce. Ran nan da magariba maƙwabcinmu ya yi sallama a ƙofa, ka ce wane ne, alhali yana tsaye gabanka. In waya ta yi ƙara sai ka miƙo mani in duba mai kira. Na yi shiru ne don na ga kana jin nauyin maganar. Amma rayukan mutane kake ɗauka."

Ya ajiye ludayin. "In aka ji a tasha idona ya taɓu, wa zai ƙara shiga motata?"

"In ba a ji ba fa, sai mi? A ji ta wata hanyar, bayan an yi haɗari?"

Ranar bai fita ba. Ya zauna a zaure yana juya maganar. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ya kusa sayar da ƙasar ubansa don ya sayi fitila, alhali duhun a cikin kansa yake. Ya kuma ga cewa ko da ya sayi motar, ba zai daina tsoron almuru ba. Sai dai ya ji tsoron a kan kujerar fata.

Washegari ya kira Shafi'u ya ce ya jira shi a Katsina. Suka je asibitin ido. Likitar ta haska masa wata 'yar fitila, ta ce yanar ido ce ta rufe masa ido biyun, ta dama ta fi nuna, kuma aiki ne da ake yi kullum.  Da suka fito Shafi'u ya ce, "Baba, da ka gaya mani ai da ban dame ka da maganar mota ba."

"Ni kaina ban gaya wa kaina ba."

Ya sayi Mujiya ruwan toka, sauran kuɗin suka tafi wajen aikin idon. Aka yi na dama, ya yi jinya a gida da baƙin tabarau, Sa'adiyya na ɗiga masa magani tana hana shi sunkuyo. Bayan kaka aka yi na hagu. A tsakanin nan wani amintaccen direba ne ke jan motar suna raba abin da aka samu. Labari ya bazu a tasha kamar yadda ya ji tsoro, kuma wasu fasinjoji sun koma wasu motocin ba su dawo ba. Mafi yawan tsofaffin dai sun dawo. Wata hajiya mai kai atamfa Maraɗi ma cewa ta yi ya ba ta sunan asibitin, mijinta na fama da irin wannan. Da ya koma tuƙi ya sa wa kansa doka: in la'asar ta same shi a Maraɗi, can zai kwana gidan wani ɗan'uwansa, ko da ana ganin allura a kan kwalta.

Mai Gira ba ta daɗe a filin Mudathir ba. Lawwali, wani direba mai ƙarancin shekaru, shi ya saye ta, kuma maganar Shafi'u ta tabbata a kansa: kusan kowane ƙarshen mako tana wajen biki, alhazai na kiransa a waya, bai cika zama a layi ba. Fitilarta ɗaya ta taɓa fashewa, ta yi kwanaki a ajiye ana jiran saƙo daga Kano, Hussaini ya samu abin faɗi. Amma duk da haka Lawwali ya ci ribarta. In ta wuce ta gaban tasha Dalhatu kan bi ta da kallo har ta ɓace. Da aka tambaye shi ko yana da-na-sani, cewa ya yi, "Mota ce mai kyau. Ta dace da mai ita."

Da aka tashi auren 'yarsa Mutmainna da wani malamin makaranta a Maraɗi, ƙawayenta suka dage sai Mai Gira za ta kai amarya. Dalhatu ya so ya ja tasa ya bi su da 'yan'uwa, Shafi'u ya karɓe makullin ya ce yau uban amarya ba ya tuƙi. Lawwali ya buɗe masa gidan gaba. Tun da ya zama direba bai tuna ranar da ya bi hanyar nan a kujerar fasinja ba. Ya ga gonakin da ke gefen kwalta, ya ga wani sabon masallaci da bai taɓa lura da shi ba, ya tambayi Lawwali yaushe aka gina. A baya mata na ta hira suna tsokanar amarya. Sanyin motar ya ratsa shi, kujerar ta karɓi bayansa. Kafin su kai Ɗan Isa barci ya kwashe shi, sai da jandarma ya ƙwanƙwasa gilashi yana dariya yana cewa, "Dalhatu, yau kai ne alhajin?" sannan ya farka ya gyara hularsa.