Firigon da Na Kashe

Ni mai gyaran waya da ordinater, wato kwamfuta, ne a kasuwar Tasawa. Hannuna na da kyau, bakina na da zaƙi, zuciyata kuwa kwaɗayi fal.

Wani da ban taɓa gani ido da ido ba ya turo mani wata manhaja ta haƙar kuɗin intanet. Bai ɓoye mani komai ba: akwai ƙwayar cuta a cikinta. Tana kwashe lambobin sirrin mai na'ura, tana kuma sa na'urar ta yi ta yi masa aiki a ɓoye. Duk wadda na saka wa, ina da kasona. Na ce a raina, wa zai mutu don ordinater ta yi zafi?

Wata ranar kasuwa likitan ƙauyenmu, can wajen Hawandawaki, ya kawo tasa gyara. Na zura kilena na USB, na saka masa manhajar.

Bayan sati biyu ya kira ni. "Maigyara, ordinater ɗin nan zafi take kamar murhu, fanka na ta kuka. Batir ɗinmu ba ya kai safe."

"Zafin gari ne, likita," na ce.

Na san batir ɗaya gare su a asibitin ƙauyen, na hasken rana. Na san shi ke riƙe da ordinater ɗin da firigon sanyaya magani. Wallahi na sani.

Ana tsakar girbin hatsi, ina ƙauye, kububuwa ta sari yayana a gona. Aka ɗora shi a amalanke, aka yi asibiti da shi. Likita ya buɗe firigo, ya tarar da shi ɗumi, maganin dafin ya lalace. Kafin a samu mota zuwa Tasawa ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Ni na riƙe kansa a hanya, yana cewa, "Ƙanena, kada ka bari in tafi."

Ya rayu, amma an yanke ƙafar.

Da aka kai ordinater ɗin Maradi aka gano abin da na dasa. Jandarmomi suka zo har shago. Shekara biyu na yi ɗaure a kaso.

Samari, ku ji ni. Kada ku sauke manhajar haƙar kuɗi daga hannun wanda ba ku sani ba. Kada ku bari a zura maku kowane kile. In na'ura ta ɗau zafi tana cin batir ba dalili, ku cire ta daga intanet, ku sa a bincika.

Na tuba. Yanzu ni ke noma gonar Yaya. Kullum yana zaune bakin gona da sandarsa, yana ce mani, "Sannu da aiki, ƙanena." Da ma zagina yake yi, da ya fi mani sauƙi.