Wayar Direba a Gwangwanin Tabarau

Da farko ban ga abin rubutawa a kan wata tsohuwar waya ba. Ina karatu a ƙasar waje lokacin da ta fito. Na ga mutane sun yi layi a bakin kanti cikin sanyi don su saye ta, bayan 'yan shekaru kuma na ga ana zuba irinta a kwando kamar tsofaffin takalma. Abin da aka yi rububinsa aka manta, me ya rage a faɗa a kansa? Da wannan shakkar na zauna a bencin wani mai gyaran waya ina jiran ya canja mini bakin caja, har hira ta kai mu ga abin da ya same shi a bara.

Tabarau ake ce masa, saboda gilashin ƙara girma da ke ɗaure a goshinsa tun safe har ya tashi. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannu biyu ba. Da gyaran rediyo ya fara. Da wayar hannu ta shigo ya sayar da kayan rediyon ya koma kanta, yau shekara ashirin da wani abu ke nan yana kan kujera ɗaya, har ƙafarta ta yi rami a siminti.

A duk wayoyin da suka bi ta hannunsa, babu wadda ta ciyar da shi kamar wadda 'yan layinsu suka raɗa wa suna Mai Ƙofa Biyu, wato wadda na ga ana yi wa layi cikin sanyi. In ka tura fuskarta sama, madannan lamba su fito. In ka ja ta ƙasa, madannan kiɗa su fito. Tana ɗaukar hoto da bidiyo, tana da rediyo, tana da lasifika biyu masu cika ɗaki, har taswirar hanya tana nunawa in ka yi haƙurin tsayawa a rana ta gano inda kake. An yi wata shida ana jin labarinta kafin a gan ta. Ta farkon ruwan azurfa ce, da 'yar ƙofa a gefe inda ake sa memori, batirinta kuwa ba ya kai la'asar. Kafin shekara ta zagayo aka fito da baƙa, fuskarta ta fi faɗi, batirinta ya fi ƙarfi, amma an toshe ƙofar memori. Duk abin da mutum ya ɗauka da ita a cikin injinta yake zama, wato koren farantin nan da ke cikin waya. Ba a fi shekara huɗu ba wayoyin shafawa suka kore su duka biyun.

Ciwonsu ɗaya. Akwai wata siririyar leda mai ɗauke da wayoyi wadda ke haɗa rabin sama da na ƙasa, masu gyara na ce mata fileks. Yawan turawa da ja ke tsinka ta, fuskar ta ɗauke. A lokacin Tabarau yakan canja biyar kafin azahar, yana yi yana hira.

'Yan layin suna da dokarsu. Wayar da ta shekara ba a zo karɓa ba, yanka ta ake yi: gilashi ya tafi wa wani, madannai wa wani, inji a jefa shi gwangwani. Tabarau ba ya yanka sai ya cire memori ya sa a ambulan ya rubuta lambar rasit a kai, ko mai ita zai waiwayo wata rana. Da haka yake kwantar da hankalinsa cewa bai ci amanar kowa ba. Da baƙar ta zo babu memorin cirewa, sai bai cire komai ba, bai kuma tsaya ya yi tunanin inda hotunan suke ba. Lambar rasit kuwa a bayan murfi yake liƙa ta, murfi kuma shi ne abu na farko da ake sayarwa.

Wata Talata da hantsi wata mace ta tsaya a bakin shagon, sanye da rigar masu shara ta wata makaranta. Ta yi sallama, ta miƙo masa takarda da ta yi laushi kamar tsumma.

"Malam, an ce kai ne mai wannan hannun."

Ya sauke gilashin ya duba. Rubutunsa ne, na lokacin da hannunsa ke tsaye. Baƙar Mai Ƙofa Biyu, ba ta kawo haske. Rasit ne da ya shekara goma sha huɗu.

"Baiwar Allah, mai wayar fa?"

"Maigidana ne. Direban babbar mota ne. Kwana uku da kawo ta ya tafi, tafiyar da bai dawo ba ke nan. Jiya nake kwance jakarsa zan ba ƙanensa, na tsinci wannan a aljihun ciki."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta."

"Amin. Ni ba wayar nake so ba. 'Yarmu tana da shekara uku ya rasu. Hotonsa muna da shi. Amma kullum maganarta ɗaya, wai ita ba ta san muryar babanta ba. Na san ya ɗauke ta bidiyo da wayar nan, ina tsaye ya ɗauka."

Tabarau ya daɗe yana kallon rasit ɗin. Zai iya cewa ruwa ya ci wayar, ko ɓarayi sun fasa shago, babu mai ƙaryata shi. Sai ya sunkuya ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin teburi, ya juye shi. Injuna ashirin da uku suka zube, duk kore, duk kama ɗaya, ba lamba ko a guda.

"Na yanka ta," ya ce. "In tana nan, tana cikin waɗannan. In kuma na sa wa wani injinta, to ta tafi. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba."

Matar ta dubi tarin, ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"To yaya ake ganewa?"

Hanya ɗaya ce. A ɗauki inji a sa shi cikin gangar jiki mai lafiya, a kunna, a ga abin da zai fito, a cire a sa na gaba. Yana da baƙar gangar jiki guda da ya ajiye a durowa, da fileks ɗinta ɗaya tak, wanda babu mai sayar da irinsa yanzu ko a ina. Kowane sawa da cirewa sai an ɗaga wani ɗan maƙulli da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Abin da bai gaya mata ba shi ne hannunsa. Shekara biyu ke nan yana rawa. Da safe yakan lafa, rana na ɗagawa ya dawo. Shi ya sa ya koma canja gilashi da bakin caja, aiki mai wuya kuma ya ce wa mai shi kayan ba su iso ba.

"Uku a rana," ya ce. "Ki riƙa zuwa da hantsi. Me zan nema?"

"Motarsa ce a fuskar. Kanta kore ne."

Washegari suka fara. Maƙwabcinsa Mai Caja, sa'ansa ne, shekara goma sha biyar suna zolayar juna, ya leƙo ya ga injuna a jere kan farin ƙyalle.

"Tabarau, yau kuma tashin matattu ake yi?"

"Koma ka sayar da cajar da ke mutuwa kafin mai ita ya kai gida."

"Tawa dai tana kai shi bakin titi. Hajiya, ki yi hattara da tsohon nan, rediyo ya iya."

Matar ta yi murmushi kaɗan, na farko tun zuwanta.

Inji na farko bai motsa ba. Na biyu ya kawo hoton amarya da ango. Na uku ya kawo ɗan wasan ƙwallo. Haka suka riƙa yi. Wani ya kawo jariri cikin tawul, wani tsohuwa a kan gadon asibiti, wani ya tashi da ƙarar saƙon da ya shekara goma yana jiran a karanta. Tabarau bai taɓa son leƙa cikin wayar mutane ba, yanzu ga shi kowace safiya yana buɗe ƙofar gidajen da shi ya jefa a gwangwani. Yakan kalla na daƙiƙa biyu, ya dubi matar, ta girgiza kai, ya kashe. Ƙarfe goma sha ɗaya takan tashi ta koma makaranta kafin a tashi yara. Tun rana ta uku ta daina tambayar nawa suka rage, da kanta take ƙirgawa.

A gida matarsa ta lura ba ya iya riƙe kofi da yamma sai da hannu biyu.

"Baban yara, wannan aikin zai ƙarasa maka hannun. Ka kai wa masu ƙuruciya mana."

"Su ba su taɓa buɗe irinta ba. Ɗagawa ɗaya za su karya maƙullin."

"Kai kuma fa?"

Ya kai kofin baki ya ci gaba da kurɓa.

Rana ta biyar ya karya maƙullin. Hantsakin ya zame a inji na goma sha biyar, ɗan maƙullin ya tsage gida biyu, rabi ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa. Mai Caja, da ya zo da wata zolayar a bakinsa, ya haɗiye ta ya durƙusa yana laluben siminti. Ba su same shi ba. Tabarau ya yanko ɗan kwali ya cusa a gurbin, ya danne da babban yatsa, ya kunna. Fuskar ta kawo, amma rabin sama baƙi ƙirin, rabin ƙasa kaɗai ke nuna abu.

"Ya lalace ke nan?" in ji matar.

"Saura kaɗan. Zai ɗauki biyu ko uku, ban yi miki alkawarin huɗu ba."

Injuna takwas suka rage. Ya ce ba zai ƙara taɓawa ba sai gobe. Ta tashi, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Malam, ban gaya wa yarinyar ba fa. Na ce mata asibiti nake zuwa."

Da safe bai bi jerin ba. Ya baje takwas ɗin ya sa gilashi yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana shinshinawa. Wayar direba ba ta rabuwa da ƙurar hanya da tiririn inji. Ya ware biyu da baƙin maiƙo ya taru a bakin cajarsu. Na farko bai tashi ba, kuma da ya cire shi ya ga fileks ɗin ya fara tsagewa daga gefe. Ya goge hannu a wando, ya jira rawar ta lafa, ya sa na biyu.

Rabin fuskar ya kawo haske. Taya ce babba, da laka a jikinta, a samanta kuma gefen ƙofa kore.

Matar ta dafa teburin.

"Kar ki girgiza," ya ce. "Mai Caja, zo ka danne nan. In ka ɗaga yatsa ni da kai ne."

"Ko numfashi ba zan yi ba."

Rubutun da ke nuna hanya duk a rabin da ya mutu yake. Tabarau bai damu ba, ya daina kallon fuskar ma. Yatsansa ya san hanyar: tsakiya, dama sau biyu, ƙasa, tsakiya. Ya kunna bulutut a makance, ya karɓi wayar matar ya haɗa su. Bidiyo huɗu ne. Ya tura su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana jan ƙafa, Mai Caja na gumi, yatsansa ya yi fari. Ana cikin na huɗu fuskar ta ɗauke gaba ɗaya, amma wayar matar ta ci gaba da ƙirga har ta yi ƙara.

Uku na farko hanya ce kawai, ta gilashin mota, da ƙugin inji. Na huɗu daƙiƙa goma sha huɗu ne. Yarinya ce a tsaye kan kujerar direba ta kama sitiyari da hannu biyu. Shi ba a ganinsa, shi ke riƙe da wayar. Sai murya, kusa sosai, tana dariya: "Ina za ki kai mu, direba? Kama da kyau. Ke, riƙe ta kar ta faɗo!"

Matar ta saurara sau ɗaya, ta kife wayar a cinyarta. Mai Caja ya ɗaga yatsansa ya koma shagonsa ba zolaya. Tabarau ya ture gilashin sama ya zauna da hannuwansa tsakanin gwiwoyi, suna rawa yadda suka ga dama. Ranar bai ƙara karɓar aiki ba.

Da ya kai nan sai ya miƙo mini wayata, ya ce in gwada caja. Ta kama. Na tambaye shi ko ya ji abin da yarinyar ta ce da ta saurari bidiyon.

"Uwar ta biyo ta nan bayan sati," ya ce. "Wai yarinyar ta saurara sau biyu, ta ajiye, ta je ta wanke kwanuka. Can ta dawo ta ce, 'Umma, ashe da sauri yake magana. Ni na ɗauka a hankali yake yi.'"