Ƙoƙon Ruwa a Gadon Bayana

Shekarar da munka baro Gatawa saboda 'yan bindiga munka koma Isa, ko a salla ba na iya tsayuwa wuri ɗaya. Da na ji ƙarar babur sai in fizgi ruku'u, in dungura goshi, in sallame, idona na kan ƙofa.

Gwaggona, wadda ta ba mu ɗaki, ta gaji da kallona.

"Ke ɗiyar nan, wagga ba salla ba ce, gudu ne. Duƙa in gani!"

Na duƙa. Ta daidaita mini baya da tafin hannu, ta aza ƙoƙon ruwa a kai. "Sai na ɗauke za ki ɗago."

Babur ya wuce. Ruwa ya jiƙa mini zane.

"Gwaggo, in su ne fa?"

"In su ne za ni faɗa miki. Ni ke da ƙofa, ke ke da salla."

Da la'asar ta ja tabarmarta bakin zaure. Ina ruku'u wani babur ya taho da gudu.

"Ɗan kabu-kabu ne," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba.

Na tsaya a duƙe har na ida tasbihina.