Glenys Mai Haɗa Launi

Shekara da shekaru Glenys Direen tana rina gashin matan Geeveston a ɗan shagonta na kusa da gidan burodi. Babu furfurar da ba ta san hannunta ba a garin nan. Da ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu har almakashi ya gagare ta, sai ta rufe shagon ta zauna a gida. Katanga ɗaya ta raba mu.

Ni kuwa, Merv, tun da na bar tuƙin motar gungume nake sassaƙa alƙaluma a kan injin juya katako. Sai dai tun haihuwa idona ba ya raba ja da kore, don haka ba na taɓa rini.

Wata rana wata mata mai suna Rhonda ta kawo mini reshen tuffa daga gonar marigayi mahaifinta, wadda aka sare. Tana son alƙalami mai launin jar tuffar da yake nomawa, har da hoto ta bar mini. Na sayo rini na gwada a guntun katako, na shanya a kan katanga.

Glenys ta leƙo. "Merv, wannan fa? Kwaɗo ne ya ba ka aiki?"

"Ja ne," na ce.

"Ja a gidan wa? Matsa, tsoho, ga ni nan zagayowa."

Ta zo da tsofaffin kwanukanta na shago. Riƙe kwalba ya fi ƙarfinta, sai ta zauna tana ba da umarni ina zubawa.

"Ɗiga ruwan ɗorawa kaɗan. Kaɗan na ce, ba shayi kake haɗawa ba!"

Ita ta sa muka riƙa gwaji a guntayen reshen kansa, domin a cewarta katako kamar gashi ne, kowanne da yadda yake shan rini. Muka yi ta ɓatawa muna sakewa, har ranar da ta ɗaga wani guntu a hasken rana ta ce, "Yauwa."

Da Rhonda ta karɓi alƙalamin, ta daɗe tana juya shi a hannunta. Washegari sai ga ta da gasasshiyar tuffa cike da faranti. Ni na cinye rabi, amma na san ta wa ce.

Daga nan mutane suka fara kawo mana abubuwa don mu yi musu alƙaluma masu irin launinsu: ɓawon fentin kwalekwale, hular ulu, har gashin kare. Sunan Glenys ya hau allon teburina a kasuwa, sama da nawa. Ta yi mita, amma ba ta ce a cire ba.

Bara 'yarta ta ɗauke ta zuwa birnin Hobart. Duk Laraba takan kawo ta, ta zauna bakin rumfar da nake sassaƙa da bargo a cinya. Makon jiya wani manomi ya nemi launin ƙwan agwagwarsa. Glenys ta ce kada in kuskura in buɗe kwalba sai ta zo.